Da me ake gane masoyin waƙa na ƙwarai, kuma wa ya isa ya raina zaɓin wani?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambayar da ta daɗe tana damuna. Me ya sa da zarar mutum ya ce yana son wani mawaƙi sai a samu mai tsare shi da tambayoyi? A wace shekara ya fitar da faifansa na farko? Wa yake haɗa masa kiɗa? Faɗi waƙoƙinsa biyar waɗanda ba a sakawa a rediyo. In ya kasa, shi ke nan, an yanke masa hukunci: ba masoyi ba ne, ɗan bin yayi ne. Ga kuma masu jin abin da kike saurara su yatsina fuska su ce "wannan shirmen kike ji?" To ina so in sani, da me ake gane masoyin waƙa na ƙwarai? Kuma wa ya ba wani ikon auna hankalin mutum da abin da kunnensa ke so?

Auwal: Wa alaikumus salam Anti Zainab. Amsar ba ta da tsawo. In waƙa ta taɓa zuciyarki har kika koma kika sake ji, ke masoyiya ce. Babu jarrabawa, babu takardar shaida. Sauran duk burga ce.

Malam Habu: Auwal, bi a sannu. Ba na goyon bayan masu titsiye mutane da tambayoyi, wannan rashin ladabi ne. Amma kada gudun wannan ya kai mu ga cewa duk sauraro ɗaya ne. Ku dubi Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar, wadda ta rasu a 1975. Shekaru da dama, duk Alhamis ɗin farko ta wata a lokacin wasanninta, takan hau dandamali a Alƙahira, rediyo na watsawa kai tsaye zuwa ƙasashen Larabawa. Waƙa ɗaya takan kai awa guda, wani lokaci ta wuce. Ba don baitocin sun yi yawa ba. Ɗango ɗaya take maimaitawa, kowane karo da sabon lanƙwasa murya, kuma mutanen da ke zaune a gabanta ne ke neman ta sake. Su ne suke gane inda ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, su yi sowa daidai wurin, ita kuma ta ji ta ƙara ƙaimi. Da a ce zauren cike yake da masu hira da juna, da waƙar ba ta kai inda ta kai ba. Irin wannan mai sauraro yana da hannu a cikin aikin. Za ka ce shi da wanda ya kunna waƙa yana latse-latsen waya matsayinsu ɗaya?

Auwal: Malam, na ji. Amma wanda ya yi sowa a daidai wurin, ba lallai ya san shekarar da aka haife ta ba, ko sunan mai goge na bayanta.

Malam Habu: Ai ka faɗi abin da nake nufi ke nan, ɗana. Sanin tarihi daban, iya sauraro daban. Ni na biyun nake karewa. Masu titsiye na farkon suke karewa, saboda shi ne mai sauƙin nunawa a gaban mutane.

Ummi: Ni dai abin da ke ba ni haushi, mu mata aka fi yi wa wannan tambayoyin. Namiji zai ce yana son mawaƙi kaza, a ce madalla. Mace ta faɗa, sai a ce ai don kyansa ne kike son sa, ba don waƙar ba.

Zainab: Wallahi ƙanwata kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Hauwa Jidda: Ku bar ni in kawo tarihi, domin wannan raini ba yau ya fara ba, kuma kusan kullum masu rainin ne ke jin kunya daga baya. Lokacin da kiɗan jaz ya bazu a Amurka a shekarun 1920, manya da masu rubutu a jaridu sun kira shi hayaniya mai lalata tarbiyya. Yau jami'o'i ke koyar da shi. A watan Janairun 1957, da mawaƙin Amurka Elvis Presley ya fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, daga ƙugu zuwa sama kawai aka nuna shi, don kada a ga rawarsa. Ranar 12 ga Yulin 1979, a filin wasa na Comiskey da ke Chicago, an tara faifan disko cikin akwati aka tarwatsa su da nakiya a tsakiyar fili, dubban matasa suka kutsa ciki suna ɓarna, har aka fasa wasan ƙwallon baseball na biyu da za a yi a daren. Kiɗan da suka taru don wulaƙantawa, a wuraren rawa na baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka ya girma, kuma da yawa daga cikin manyan muryoyinsa mata ne baƙaƙe. Haka rap. An fi danganta mafarinsa da wani ɗan biki da aka yi a unguwar Bronx ta New York ranar 11 ga Agustan 1973. Shekara da shekaru ana cewa surutu ne kawai a kan ganga. Sai 1989 aka ware masa kyauta a Grammy, babban bikin kyaututtukan waƙa na Amurka, ita ma ba a nuna miƙa ta a talabijin ba, har wasu mawaƙan suka ƙaurace wa bikin. A 2018 mawaƙin rap Kendrick Lamar ya karɓi kyautar Pulitzer ta kiɗa, wadda kafin shi masu kiɗan gargajiyar Turai da na jaz kaɗai ke samu. Ku lura da abu ɗaya: sau da yawa ba sautin ake raina wa ba, mutanen da ke jin sautin ake raina wa. Talakawa ne, ko matasa, ko mata, ko wata ƙabila.

Nasiru: Anti Hauwa, duk abin da kika kawo gaskiya ne, amma akwai gyara a hujjar. Kin lissafo waɗanda aka raina suka yi nasara. Ina dubban waƙoƙin da aka ce shirme ne, kuma shirmen ne, suka mutu ba wanda ya tuna da su? Ba ma jin labarinsu saboda babu mai rubuta tarihin abin da ya ɓace. Don an taɓa kuskure a kan jaz ba ya nufin duk abin da aka kushe yau gobe za a koyar da shi a jami'a. Akwai waƙa mai kyau, akwai marar kyau. In muka ce babu, to mun ci amanar mawaƙin da ya kwana yana gyara baiti ɗaya, mun daidaita shi da wanda ya kwashi karin wani ya ɗora kalmomi uku yana ta nanatawa.

Hauwa Jidda: Ban ce babu marar kyau ba. Na ce mai rainin yakan yi saurin yanke hukunci tun bai saurara ba.

Nasiru: To a nan ba mu da saɓani. Amma Auwal cewa ya yi sauran duk burga ce.

Auwal: Har yanzu ina kan bakana. Wa zai ce ga mai kyau ga marar kyau? Kai? Kowa da gwaninsa.

Malama Rabi: Wannan gardamar da Nasiru da Auwal ke yi, masana sun daɗe da yin ta, kuma kowannenku yana da magabaci. A 1757 David Hume, masanin falsafa ɗan Sikotland, ya rubuta maƙala a kan ma'aunin gane kyawun aikin fasaha. Ya yarda cewa jin daɗi a zuciyar mutum yake, ba wanda zai ce maka ba ka ji abin da ka ji ba. Amma ya ce duk da haka wani alƙalin ya fi wani, kuma ya kawo siffofin nagari: kaifin ji da zai gane ƙananan abubuwa, yawan yi har ya saba, kwatanta ayyuka iri-iri da juna, wanke zuciya daga son kai da ƙiyayya, sai kuma hankali mai kyau. Wannan naka ne Nasiru.

Sai a 1979 Pierre Bourdieu, masanin zamantakewa a Faransa, ya fitar da babban bincikensa, wanda ya gina a kan tambayoyin da aka yi wa Faransawa tun shekarun 1960. Ya nuna cewa abin da mutum ke kira zaɓinsa yana bin gidan da ya tashi da zurfin karatunsa, kuma masu hali suna amfani da irin kiɗan da suke ji su ja layi tsakaninsu da na ƙasa da su. A wurinsa, mutum ya fi bayyana matsayinsa ta abin da yake ƙyama fiye da abin da yake so. Wannan naka ne Auwal, kuma naki ne Hauwa.

Abin da ya ja hankalina shi ne, ko a ma'aunin Hume mai tsauri ɗin, yawancin masu raina zaɓin mutane ba za su tsallake ba. Ya sharɗanta kwatantawa, su kuwa salo ɗaya suka sani. Ya sharɗanta wanke zuciya, su kuwa tun kafin a kunna sun gama hukunci. Wanda ya cika sharuɗɗan nan da wuya ka same shi yana yatsina wa mutane fuska, domin yawan sauraron da ya kai shi can ya riga ya nuna masa cewa kowane salo da dokokinsa. Ba a auna waƙar rawa da zurfin ma'ana, ba a auna waƙar makoki da ko tana sa a girgiza.

Nasiru: Malama, Allah ya ƙara basira. Ni ban nemi fiye da haka ba. A auna kowace waƙa da abin da ta zo yi, amma dai a auna.

Sadiq: Ni tambayata daban ce. Wannan zaɓin da muke faɗa a kai, namu ne ma kuwa? Manhaja ce ke jero mana waƙa bayan waƙa. Abin da ka ji sau goma a wayoyin mutane da motoci, ko ba ka so za ka tsinci bakinka yana rerawa. Tun 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna cewa yawan cin karo da abu kawai yana sa a ƙara son sa.

Malama Rabi: Akwai gwajin da ya yi daidai da maganarka Sadiq. Wasu masu bincike uku a Jami'ar Columbia, Salganik da Dodds da Watts, sun wallafa shi a mujallar Science a 2006. Sun buɗe shafi a intanet, suka sa waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba, mutum sama da 14,000 suka shiga. Aka raba su rukuni-rukuni. Rukuni ɗaya ba ya ganin abin da wasu suka sauke. Sauran rukunai takwas kowanne yana ganin adadin saukewar 'yan rukuninsa kaɗai. Sai ga shi waƙar da ta yi zarra a wannan rukuni ta zama ta tsakiya ko ta baya a wancan, don kawai waɗanda suka fara shiga sun karkata wani wajen, na baya suka bi. Amma akwai iyaka: waƙoƙin da suka fi inganci da wuya su faɗi ƙasa warwas, mafiya rauni kuma da wuya su hau can sama. Tsakanin nan ne komai ke iya faruwa.

Sadiq: Ke nan inganci gaskiya ne, bin yayi ma gaskiya ne.

Hauwa Jidda: Kuma mai cewa shi ba ya bin yayi, yakan bi yayin ƙaramin rukuninsa. Wanda ya daina son mawaƙi ranar da duniya ta san shi, ra'ayin jama'a ne ya juya shi, kamar yadda ya juya wanda ya fara son sa a ranar. Bambancin kawai wannan ya bi, wancan ya guda.

Bashir: Kun yi ta maganar kunne, ba wanda ya yi maganar aljihu. A wurina masoyi na gaskiya shi ne mai tallafa wa mawaƙi. Ka sayi aikinsa, ka je wasansa, ka saurara ta hanyar da za a biya shi. A manhajar jin waƙa ta Spotify sai an ji waƙa ta kai daƙiƙa 30 ake lissafa ta, kuma abin da ke isa hannun mawaƙi a kowane ji ɗan ƙanƙane ne ƙwarai, sai an tara dubbai kafin ya zama wani abu. Kai kuma kana ta ihun kana son sa, amma duk waƙoƙinsa na sata ne a wayarka. Wace irin soyayya ce wannan?

Ummi: Yaya Bashir, to ɗalibin da ba shi da ko sisi fa? Ya haddace waƙar daga farko har ƙarshe, ita ce ke ɗebe masa kewa in duniya ta yi masa zafi. Mai kuɗin da ya sayi tikitin gaba ya zauna yana ɗaukar hoton kansa ya fi shi?

Bashir: A'a ƙanwata, da mai hali nake. Wanda ba shi da shi ba a kama shi da laifi. Amma ko shi zai iya gaya wa wani, ya tura wa aboki ta halastacciyar hanya, ya ambaci sunan mai waƙar in ya ɗora ta a bidiyonsa. Da yawa ko wannan ba sa yi.

Zainab: Wannan na ambaton suna yana da muhimmanci. Da na marubucin waƙar da makaɗan ma, waɗanda ba a ganin fuskarsu.

Hajiya Talatu: 'Ya'yana, na karanta duka. Abu ɗaya nake so ku raba. Akwai "wannan kiɗan bai yi mini ba", akwai kuma "wannan kalaman ba su dace ba". In waƙa tana zagin mata, ko tana zuga matasa su zubar da jini, ko tana cin mutuncin wata al'umma, na ce ba na so a sa ta kusa da jikokina, ba raina zaɓin kowa na yi ba. Kada a rufe mini baki da kowa da ra'ayinsa.

Hauwa Jidda: Gaskiya ne Hajiya, wannan hakkinki ne. Abin da zan ƙara kawai, a tabbata an ji kalaman kafin a yi hukunci. Sau da yawa akan ɗauki mafi munin waƙa a wani salo a ce duk haka suke, alhali a salon da mutum yake so ma akwai irinta, ya dai saba da ita ne bai ƙara jin ta ba. Kuma akwai waƙar da ke ba da labarin mugun abu don ta nuna muninsa, akwai mai tallata shi.

Hajiya Talatu: Na yarda da wannan rabon, 'yata. Mai hankali yana gane wadda ke kuka da wadda ke kirari.

Malam Habu: Tunda Hajiya ta shigo, bari mu manya mu gaya wa kanmu gaskiya. Waƙar da mutum ya ji yana saurayi ko budurwa, ita ce ke zaune masa har tsufa, domin ta haɗu da ƙuruciyarsa da abokansa da soyayyarsa ta farko. Idan muka ce waƙar da ta fi ta yanzu, rabin maganar kewa ce. Na da ɗin ma an tace su ne, lokaci ya zubar da tarkacen ya bar mana zaɓaɓɓu, sai mu ɗauki zaɓaɓɓun nan mu gwada da duk abin da ya fito a makon jiya. Wannan ba adalci ba ne.

Nasiru: Amma Malam, batun gyaran murya da kwamfuta fa? Na da da muryarsu suke yi. Yanzu wanda bai iya riƙe kari ba ma sai na'ura ta miƙe masa.

Sadiq: Auto-Tune ke nan. A 1997 ta fito, kuma wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin girgizar sauti a ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur. An yi ta ne don gyaran ɗan kuskure ba tare da an gane ba, sai mawaƙa suka murɗa ta har ƙarshe suka mayar da ita salo. Kayan aiki ce. Da makirufo ya ba mawaƙa damar rera waƙa a hankali kamar raɗa a shekarun 1930, an zarge su da cewa ba su da murya, na'ura ce ke ɗauke su. Yau wa yake ganin makirufo a matsayin maguɗi?

Nasiru: Makirufo ƙara sauti yake yi, ba ya canza abin da ka rera. Wannan kuwa canzawa take yi. Ban ce a hana ba, amma in na ji mawaƙi a gaban jama'a ya kasa abin da ya yi a situdiyo, ina da ikon in ce bai iya ba.

Sadiq: Kana da shi. Ikon da ba ka da shi shi ne ka ce mai jin daɗin waƙar tasa ba shi da kunne. Wataƙila ba murya ya zo nema ba, kiɗan ne ya kama shi, ko kalaman.

Ummi: Akwai kuma masoyan da su kansu ne matsalar mawaƙinsu. Ka ce sabuwar waƙarsa ba ta kai ta baya ba, su yi maka ca, har iyayenka su zaga. Sun mayar da shi kamar ba ya kuskure. Kuma duk ranar da wani mawaƙin ya yi nasara, baƙin ciki suke yi, kamar an ƙwace wa nasu wani abu.

Hauwa Jidda: Da kishiyarsu, masu son ya tsaya inda suka same shi. A 1965 mawaƙi Bob Dylan ya hau dandamali a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport a Amurka da jita mai lantarki, wasu daga cikin masoyansa na farko suka yi masa ihu, don a ganinsu ya ci amanar salon da suka san shi da shi. Su ne suka fi kowa sanin waƙoƙinsa, su ne kuma suka fi kowa toshe kunne a ranar. Shi ya sa ban yarda cewa daɗewa ko yawan sani shi ne ma'auni ba.

Malam Habu: Ni kuwa a nan zan ɗan kare su. Mutumin da ya ba wa mawaƙi shekarunsa yana da hakkin ya ce sabon salon bai yi masa ba. Ba dole ne ya bi shi duk inda ya nufa ba. Ihun ne laifi, da hana na kusa da shi ji. Ya saurara har ƙarshe, in bai gamsu ba ya faɗi dalilinsa, ya koma wa tsofaffin da yake so, ba wanda ya ƙwace masa su.

Zainab: To a aikace, in abokiyata ta turo mini waƙar da take mutuwar so, na ji ba ta yi mini ba ko kaɗan, me zan ce? Ƙarya ba ta da kyau, gaskiya kuma na iya ɓata mata rai.

Nasiru: Ki gaya mata gaskiya, amma ki faɗi wurin. "Amshin ya yi mini yawa" ko "kiɗan ya danne muryar" magana ce da za ta iya amsawa, ta ce miki ki sake jin baiti na biyu. "Shirme ce" ba ta bar ƙofar amsa ba, kuma ita za ta ji kin kira, ba waƙar ba.

Malama Rabi: Kafin ma ki faɗi naki, ki tambaye ta ina ne ya fi kama ta. Wanda ya turo miki waƙa sau da yawa wani abu na ransa ya turo, wataƙila ita ce ya riƙa ji lokacin rashin wani nasa. Kuma in ta nuna miki wurin, za ki iya jin abin da ya wuce ki da farko.

Auwal: Wannan kam na karɓa. Amma Malam Habu, har yanzu ban ga dalilin da zai sa a ce wanda ke kunna waƙa yana aiki ko yana tuƙi ya gaza wani ba. Wasu don haka suke son ta.

Malam Habu: Bai gaza a mutunci ba, Auwal, kuma ba a ce ya daina ba. Ni ma ina yi. Na ce ne akwai abin da ke cikin waƙa wanda ba ya fitowa sai an zauna masa, kuma ina yi wa kowa kwaɗayin ya ɗanɗana ko sau ɗaya.

Ummi: Baba Habu, kun sa ni son jin Ummu Kulsum ɗin nan, amma awa guda kuma ba na jin Larabci sosai. Ta ina zan fara?

Malam Habu: Ki nemi wadda aka ɗauka a gaban jama'a, ba ta situdiyo ba, suna nan da yawa a YouTube. Kada ki tsallake kiɗan farko ko da ya yi miki tsawo, karin da za ta hau ne makaɗan ke shimfiɗawa. Ki nemi fassarar baitocin ki karanta tukuna, ba su da yawa. In ta fara maimaita ɗango, ki kasa kunne ga abin da ta canza a kowane karo, da daidai inda mutane ke sowa. Ba sai kin gama a zama ɗaya ba. In kin ji, ki dawo ki gaya mana wurin da ya kama ki, in kuma ba ta yi miki ba ki faɗi dalili, ina so in ji.